Sarkin Hanya Ya Shiga Tsibiri

Ranar Alhamis ce giyabos ɗin motar Abdul-Manan ya watse, yana hawan tudun Manhyia a Kumasi da fasinja cike. Motar ta yi wani ƙara kamar an zuba tsakuwa a tukunya, ta yi tari sau biyu, ta tsaya cak. Aka ja ta zuwa Magazine, unguwar makanikai, inda Nasrullah, wanda ya shekara goma yana duba masa ita, ya shiga ƙarƙashi ya fito yana goge hannu.

"Sai an kawo wani daga Tema," in ji shi. "Ka ba ni kwana goma. Da ya iso zan kira ka."

Shekara ashirin da biyu Abdul-Manan yana jan motar haya, trotro, tsakanin Kejetia da Kenyase, bai taɓa kwana uku a jere a gida ba in ba da salla ba. Rana ta farko ya yi barci har barcin ya ishe shi. Rana ta biyu ya gyara famfon tsakar gida da ƙofar bayi, ya sake ɗaure igiyar shanyar da ba wanda ya ce ta kwance. A rana ta uku matan gidan hayar suka fara kewaye shi kamar turmin da aka manta a kan hanya. Rakiatu mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, wadda ɗakinta ke kallon nasu, ta ce masa cikin ladabi in aiki yake nema akwai albasa rabin buhu.

Matarsa Faridatu tana da shagon mayafai a kasuwar Kejetia. Tun lokacin kullen korona ta kama wani wasa na waya, irin wanda mutane daga garuruwa daban-daban suke haɗuwa a ciki. Sunansa na Turanci dogo ne, ita da abokan wasanta Tsibiri kawai suke ce masa. Abdul-Manan ya san da shi kamar yadda mutum yake sanin rediyon maƙwabci: yana jin ƙara, bai taɓa sauraro ba. In ya dawo a gajiye ya tarar da ita a baranda da abin ji a kunne, sai ya ce, "Maman Zahra, har yanzu ba a kashe dodon ba?" ya wuce wanka. Zahra ita ce 'yarsu ɗaya, tana karatu a Tamale.

Rana ta ukun nan Lahadi ce, Faridatu ba ta fita kasuwa ba. Bayan la'asar ta ɗauko kujerarta, ta kwantar da wayar a hannu biyu. Shi kuwa, da yake ba shi da inda zai wuce, ya zauna a benci yana kallonta.

"Kamil, koma baya," ta ce wa wayar. "Bari Maame ta yi maka magani tukun. Na ce ka koma."

Ba ta ɗaga murya ba, amma muryar ba irin wadda take tambayarsa me zai ci da ita ba ce. Murya ce da ba a yi mata musu. Can kuma sai ta saki ajiyar zuciya, ta cire abin jin, ta ajiye wayar a cinya.

"Wane ne Kamil?" ya tambaya.

"Nas ne a Tamale. Ba ya jin magana."

"Maame fa?"

"Maame Serwaa, mai kemis a bayan Manhyia. Ita ce mai maganinmu."

"A kemis ɗin?"

"A Tsibiri. A kemis ɗin ma haka."

Ta yi masa bayani a gajarce. Kowace Lahadi da ƙarfe huɗu, rundunarsu tana ɗaukar amalanke takwas na gishiri daga bakin teku ta kai Birnin Dutse. Hanya ɗaya ce, ta kan wata babbar gada, kuma a bakin gadar wata runduna mai jar tuta take kwanton ɓauna. Yau Lahadi uku ke nan ana tare su a can, ko amalanke ɗaya bai tsallake ba.

Abdul-Manan ya leƙa wayar. Ya ga ƙasa kore shar, da kogi, da wasu 'yan mutane ƙanana a warwatse, da hanya mai ja da ta miƙe ta shige tsakanin duwatsu. Hanyar ce ta riƙe masa ido.

"Sa min shi a tawa," ya ce.

Ta dube shi ta gefen ido, ta daɗe. Sannan ta miƙa hannu ta karɓi wayarsa.

Sai da ta goge hotunan barka da Juma'a kusan ɗari uku kafin wasan ya samu wurin zama. Da ya buɗe, wasu mutane huɗu suka bayyana a tsaye suna juyawa a hankali: mai baka, mai magani, mai sanda mai walƙiya, da wani ƙato cikin sulke da takobi kamar ƙyauren shago.

"Ka saurare ni, Baban Zahra," ta ce. "Sabon shiga ya fi jin daɗin mai baka, don yana yaƙi daga nesa, in abin ya ɓaci ya gudu. Mai sulken nan nauyi gare shi."

Abdul-Manan ya dangwala yatsa a kan mai sulken.

"To. Suna kuma ka yi tunani, don ba ya canzuwa."

Bai yi tunanin komai ba. Ya rubuta Sarkin Hanya.

Faridatu ta danne dariya ta ci gaba. Ta ce za a sauke shi a wani ƙauye, kada ya bar shi sai ya kai mataki na goma. Mutanen ƙauyen za su riƙa aikensa, ya yi duk aiken da suka ba shi, don da shi ake samun ƙarfi. Akwai akwati a gidan baƙi, duk abin da ya samu mai kyau ya zuba a ciki, domin in aka kashe mutum, abin da ke jikinsa a wurin yake zubewa. In ya haɗu da mutane ya gaishe su, don bayan kowane ɗan mutum da yake gani akwai mai rai zaune a wani gari da wayarsa.

"Kuma kada ka tsallake rafin da ke bayan ƙauyen. Wannan ko ka manta sauran, kada ka manta shi."

"Maman Zahra," ya ce, "ni da na shiga Kejetia da mota ranar jajiberin salla na fito ba ƙwarzane, rafi ne zai gagare ni?"

"Na dai faɗa maka," ta ce, ta tashi ta duba tuwo.

Washegari ta tafi kasuwa, ya zauna a baranda da kokonsa da ƙosai, ya shiga Tsibiri shi kaɗai. Ƙauyen yana da rijiya da bishiyoyi da kaji suna yawo. Wata tsohuwa mai kwando ta tare shi, rubutu ya fito a kanta: ya taimaka ya tsinto mata ƙwai goma da kajinta suka zuba a ciyawa. Abdul-Manan ya karanta sau biyu. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da sulke da takobi, a ce ya bi ciyawa yana tsintar ƙwai. Ya juya mata baya, ya nufi rafin.

Ruwan bai kai gwiwa ba. Ya tsallake lafiya lau, har ya yi murmushi. Bai yi taku ashirin ba wata kura mai girman jaki ta fito daga bayan dutse. Ya danna takobi, mai sulken ya fara ɗaga shi a hankali kamar mai ɗaga buhun siminti, kafin ya sauke kurar ta gama da shi. Fuskar wayar ta yi duhu. Da haske ya dawo sai ga Sarkin Hanya a bakin rijiyar ƙauye, ba sulke, ba takobi, daga shi sai gajeren wando.

Ya koma ɗauko kayansa, kurar tana nan zaune a kansu. Ya sake komawa. A karo na huɗu ne ya ce wa wayar wata magana da ta sa Rakiatu ta ɗago kai daga tukunyar waakye ta tambaye shi ko lafiya.

"Lafiya lau," ya ce. "Makaniki ne."

Da azahar ya kira Faridatu. Yana jin hayaniyar Kejetia a bayanta, da wata mata tana cewa a sauko mata da mai ruwan toka.

"Ka tsallake rafin," ta ce, tun bai yi magana ba.

"Wa ya gaya miki?"

"Maame ta gan ka ka wuce ta kasuwar ƙauye a guje da gajeren wando. Ta ce akwai wani sabon shiga mai suna Sarkin Hanya, ko na san shi."

"Me kika ce mata?"

"Na ce ina jin na taɓa ganinsa."

Ya ji tana dariya har mai sayen mayafin tana tambayarta me ya faru. Ya kashe wayar. Sannan ya koma wurin tsohuwa mai kwando ya tsinto mata ƙwanta goma. Ta ba shi takalmi da wata 'yar wuƙa. Maƙerin ƙauye ya aike shi ɗebo gawayi, ya ba shi riga. Mai gidan baƙi ya ba shi wasiƙa ya kai wani ƙauye a gabas. Kafin Faridatu ta dawo ya kai mataki na huɗu, kuma duk abin da ya samu yana cikin akwati. Daren nan ta ƙara masa nama a miya.

A kwanakin da suka biyo baya ya gane abu biyu game da kansa. Na farko, bai iya yaƙi ba kuma ba ya sonsa. Yatsunsa sun saba da sitiyari, ba su saba da 'yan maɓallan nan ba, ko ɓera ya tare shi sai ya sha wuya. Na biyu, duk hanyar da ya bi sau ɗaya ta zauna masa a ka. Sauran 'yan wasa suna buɗe taswira kowane minti, shi kuwa sai ya tuna cewa bayan bishiyar da ta karkace akwai kwana, bayan kwanar akwai gangara. Aiken kai wasiƙa da kai kaya, wanda kowa ke gudu don nisa, shi ya fi so. Da ya kai mataki na takwas wani manomi ya ba shi aron amalanke da alfadari, a nan fa ya samu abin yi.

Ya kuma lura cewa namun dajin Tsibiri suna da lokaci, kamar cunkoson Kumasi. Kurayen rafi suna sauka shan ruwa in ranar wasan ta take tsaka, hanya ta zama fayau na ɗan lokaci; a irin wannan lokacin ya lallaɓa ya kwaso sulkensa da takobinsa. 'Yan fashin kwazazzabo ba sa fitowa in ana ruwa. Ya riƙa gaishe da duk wanda ya gamu da shi kamar yadda aka ce masa. Wasu su amsa, wasu su wuce, wani ma daga wata ƙasa da bai san sunanta ba ya ba shi kyautar fitila.

Ranar Alhamis, da ya kai mataki na goma, ya ɗauki amalankensa ya tafi ganin gadar nan da ake tare su Faridatu. Ya tsaya daga nesa ya dube ta da idon direba. Ƙunci gare ta, amalanke biyu ba sa wucewa tare, ga duwatsu hagu da dama. Ko shi ne ɗan fashi nan zai zauna. Sai ya juya ya bi bakin kogin ya yi kudu, yana neman inda ruwa ya yi faɗi, don ya san inda kogi ya baje a nan yake rage zurfi. Ya samu wata fadama mai ciyawa da kadoji. Taswira ba ta nuna hanya a wurin ba. Ya shiga, alfadarin ya nutse. Ya koma ya aro wani, ya sake shiga ta wani gefen. Kwana biyu yana wannan, ya mutu sau uku, har manomin ya fara ce masa alfadarai sun kusa ƙarewa. Amma ranar Asabar da hantsi ya fito ta ɗaya gefen, ƙafafun amalanken duk laka, ga ganuwar Birnin Dutse a gabansa.

Bai gaya wa Faridatu ba. Ya so ya faɗa, sai kuma ya tuna rafi da kura, ya fasa.

Ranar Lahadi bayan la'asar ta ce, "Zo ka shiga rundunarmu ka ga yadda ake yi. Ka tsaya a baya kusa da Maame, kada ka taɓa komai."

Ta ba shi tsohon abin jinta. Da ya sa a kunne sai muryoyi suka cika masa kai, Hausa da Twi da Turanci a cakuɗe, mutum kusan talatin. A bakin tekun wasan amalanke takwas suna jere da buhunan gishiri. Wata dogowar mata mai baka da koren mayafi ta hau kan dutse, nan take kowa ya yi tsit. Sai da ta yi magana ya gane matarsa ce, wadda ke zaune kusa da shi da zanin gida, ƙafarta ɗaya a kan bokiti.

"Muna da baƙo yau," ta ce. "Sarkin Hanya."

"Akwaaba, sannu da zuwa," in ji wata murya mai kauri ta mace. "Shugaba, wannan ne mijinki? Yau ya sa riga."

Aka yi dariya. Abdul-Manan ya gane Maame Serwaa ce, ya gaishe ta da Twi, ta amsa da jin daɗi.

Faridatu ta fara raba aiki: wa zai yi gaba, wa zai tsare hagu, su wa za su ja hankalin masu jar tuta a bakin gada. Tana kiran kowa da sunansa, ta san wanda wayarsa ke da nauyi da wanda yake wasa daga wurin aiki. Abdul-Manan ya saurara yana mamaki. Shekara ashirin da huɗu suna tare, ya san ta iya ciniki, ya san ba a cutarta a awo, amma bai taɓa sanin mutum talatin suna jiran ta buɗe baki ba.

"Ko ta yaya muka yi, gadar nan za ta ci rabinmu," in ji wani saurayi. Kamil ne.

Abdul-Manan ya yi gyaran murya. "Akwai wata hanya."

Ya yi bayanin fadamar, da inda ake shiga, da inda ake fita.

"Chale, ba hanya a wurin," in ji Kamil, da irin kiran da samari ke yi wa juna. "Shekara uku ina wasan nan. Baba, da girmanka, matakinka nawa?"

"Goma sha biyu."

"Ni saba'in da ɗaya."

Faridatu ta cire abin ji daga kunne ɗaya, ta juyo ta dubi mijinta ido da ido a barandar. "Ka bi ta da amalanke?"

"Sau tara."

"Sau nawa ka fita?"

"Biyar. Amma ukun ƙarshe a jere."

Ta mai da abin jin. "Za mu bi fadama. Sarkin Hanya ne a gaba. Abin da ya ce shi za a yi, har ni."

Wata murya ta dattijo, wadda ba ta yi magana ba tun da aka fara, ta yi ɗan tari ta ce, "To, madalla. Allah ya kai mu lafiya." Abdul-Manan ya ji kamar ya san tarin nan, amma ba lokacin tunani. Mai muryar wani ɗan guntun maharbi ne mai hula da tsini, sunansa a rubuce a kansa: Ɗan Maraƙi.

Suka kama hanya. Da suka bar jar hanyar suka gangara kudu, sai Abdul-Manan ya ji kansa ya dawo daidai, kamar ya zauna a kujerarsa ta mota. Bakinsa ya buɗe.

"A bi sawuna, kada wanda ya yi obateki. Amalanke na uku, matso. Ka ga ciyawar nan mai fure? Ka bar ta a hannun dama. Duk inda ruwa ya yi baƙi rami ne."

Suka shiga fadamar a jere. Ruwa ya kai cikin alfadarai. Kadoji suna kwance can gefe kamar gumagumai, ya ce kada a harbe su, ba ruwansu da kowa sai an tsaya. Wani ya kauce taku biyu don ya ga wani abu mai ƙyalli, amalankensa ya nutse har buhu, ba wanda ya sake kaucewa. Kamil, da ke ta gunaguni da farko, ya koma tambaya: "Baba, nan hagu ko dama?"

Suna tsakiyar fadamar, a wurin da ya fi ko'ina ƙunci, wayar Abdul-Manan ta ɗauki ruri. Tsibiri ya ɓace, sunan Nasrullah ya cika fuskar wayar. Kiran da ya kwana goma yana jira ke nan. A wayar Faridatu yana hango Sarkin Hanya ya sandare a cikin ruwa, amalanke bakwai sun taru a bayansa, kadojin sun fara motsi.

"Baba ya tsaya," in ji Kamil. "Me ya faru?"

Faridatu ta leƙo ta ga sunan. Ta ɗaga gira.

Abdul-Manan ya katse kiran. Wasan ya dawo. Bai yi taku biyar ba Nasrullah ya sake kira, ya sake katsewa. Kafin ayarin ya motsa kadoji sun ja amalanke biyu na baya, Maame Serwaa tana ta watsa magani tana faɗa da Twi, Ɗan Maraƙi kuwa ya hau kan buhu yana sakin kibau ɗaya bayan ɗaya, ko ɗaya ba ta faɗi ƙasa ba.

"A tafi, a tafi," Abdul-Manan yake cewa. "Kada a tsaya kwasar kaya. Saura kaɗan ƙasa ta yi tauri."

Ƙasa ta yi tauri. Amalanke biyar suka hau tudu suna ɗigar laka, ga ƙofar Birnin Dutse a buɗe, ba kowa a gabanta. Masu jar tuta suna can bakin gada suna jira. Da amalanken farko ya shige, wani ƙaho ya busa, rubutun zinariya ya fito a sama, muryoyi talatin suka ɓarke a kunnensa lokaci ɗaya. Faridatu ta buga ƙafa har bokitin ya kife. Rakiatu ta fito da ludayi a hannu tana tambaya ko ƙwallo aka ci.

Sarkin Hanya kansa bai shiga birnin ba. Don murna Abdul-Manan ya danna gudu, mai sulken ya kasa shan kwana a kan 'yar gadar ganuwa, ya faɗa rami da kayansa duka. Maame Serwaa ta yi dariya har ta ce a dakata mata ta sha ruwa. Kamil ya sauka ramin da kansa ya kwaso masa kayan.

"Baba, ka yi haƙuri da maganata ta ɗazu," ya ce.

"Ba komai. Kai ma ka koya min yadda ake ɗaga takobin nan kafin a cinye mutum."

Sai bayan magariba ya kira Nasrullah, ya ce masa yana cikin wani taro ne mai muhimmanci. Nasrullah ya ce giyabos ya iso, gobe da rana mota za ta tashi. Da suka zauna cin tuwo Faridatu ta ce ta sa sunansa a matsayin jagoran ayari, kowace Lahadi ƙarfe huɗu. Ya ce Lahadi da yamma akwai fasinjan da ke dawowa daga biki da jana'iza. Ta ce ta sani. Ya ci loma biyu yana tunani, ya ce zai riƙa ajiye mota ƙarfe uku.

Da asuba, bayan an sallame, yana neman takalminsa a ƙofar masallaci, sai ya ji ɗan tarin nan a bayansa. Ya juya. Alhaji Boukari ne, babban dillalin shanu, mutumin Nijar, mai farin gemu da carbi, wanda in ya shigo kara ko masu faɗa sai su yi shiru. Tun Abdul-Manan yana saurayi yake rusuna masa. Ya rusuna, suka gaisa, Alhaji ya tambayi iyali da mota da Zahra a makaranta. Sannan ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Jiya ka yi ƙoƙari. Amma ka rage sulken nan, ya yi maka nauyi. Akwai mai ɗinkin fata a Birnin Dutse, bayan kasuwar dawaki, ka ce ya yi maka rigar fata. Kuma ka riƙa ɗaukar igiya in za ka shiga ruwa."

Abdul-Manan ya ɗago kai ya dube shi. "Alhaji... Ɗan Maraƙi?"

"Jikata ce ta sa sunan, kuma ka san ba ya canzuwa." Ya gyara babbar rigarsa. "Matarka shugaba ce ta ƙwarai, shekara biyu ina bayanta ban taɓa jin ta zagi kowa ba. Amma maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Mutanen kara ba sai sun ji ba."

"Ba mai ji, Alhaji."

"Madalla. In ka samu sarari ranar Laraba, akwai wani kogo a arewa da na kasa gane hanyarsa. Wata uku ina zagaye."

Ya sa takalminsa ya gangara layin a hankali, carbinsa na lilo, masu koko suna gaishe shi yana ɗaga musu hannu.